Daga rubutun littafi zuwa rubutun fim: amsa ga wata ƙanwa mai neman hanya

Wata baiwar Allah ta aiko mini da tambaya, na kuma ga ya dace in amsa mata a fili domin masu irin damuwarta suna da yawa. Ta ce ita malamar firamare ce, tana da aure da yara biyu, kuma ta yi shekara 4 tana rubuta labarai tana saki kashi-kashi a waya, masu karatu suna yawan gaya mata cewa labaranta sun dace da fim. Ta fara rubutun fim har sau uku, amma kowanne yana tsaya mata kafin ta kai shafi na 30. Tambayarta ita ce yadda mai son zama marubucin fim ya kamata ya tsara aikinsa da lokacinsa, da kuma ƙofar da ake bi a shiga.

Ƙanwata, Allah ya yi wa ƙoƙarinki albarka. Na daɗe a wannan sana'a, na rubuta an ɗauka, na kuma karanta rubutun mutane da dama kafin a fita da shi lokeshan, wato wurin ɗaukar fim, saboda haka abin da zan gaya miki na gan shi da idona. Abu na farko da nake son ya zauna miki shi ne, sikirif, wato rubutun fim, takardar aiki ce. Littafinki yana isa hannun mai karatu a kammale, daga ke sai shi. Sikirif kuwa yana shiga hannun furodusa da zai lissafa kuɗi da shi, da darakta da zai tsara ɗauka da shi, da mai ɗaukar hoto, da mai kula da ci gaban shiri, da jarumai waɗanda wataƙila a cikin mota za su karanta shi a kan hanyarsu ta zuwa wurin aiki, kuma duk waɗannan mutane za su yi aiki da shi alhali ba kya wurin balle su tambaye ki abin da kike nufi. Matsayinsa kamar zanen gida ne a hannun magini. Duk wata ɗabi'ar aiki da zan ambata a nan, manufarta ita ce ta kai ki ga gama rubutun da wasu za su iya ɗauka ba tare da kin tsaya a kansu ba.

Yana da kyau ki san halin da masana'antar take ciki, domin shi ne ya sauya darajar marubuci. Tun daga 1990, lokacin da ƙungiyar Tumbin Giwa ta Kano ta fitar da Turmin Danya a kaset ɗin bidiyo, har zuwa zamanin faifan CD da ake kai wa 'yan kasuwar Ƙofar Wambai, fina-finai da yawa ba da cikakken rubutu aka ɗauke su ba. Akan zo da 'yan takardu masu jerin sina-sinai (sin shi ne yankin fim da ke faruwa a wuri ɗaya a lokaci ɗaya), darakta ya tara 'yan wasa ya ce, kai ka zo biko, ke kuma kin ƙi komawa, sai kowa ya zuba maganarsa daga ka. Fim na awa ɗaya da rabi yana iya jure wannan, musamman idan akwai waƙoƙi da za su cike gurbi. Da kasuwar faifai ta durƙushe a hannun masu satar fasaha da masu tura fina-finai a waya, aka buɗe tashar Arewa24 a 2014, furodusoshi kuma suka karkata zuwa YouTube, sai fim mai dogon zango ya zama shi ne kasuwa. Zango ɗaya yakan kai kashi 13, kuma idan kowane kashi minti 45 ne, ana maganar shafi 585 ke nan. Babu daraktan da zai riƙe wannan a kansa, babu kuma ɗan wasan da zai tuna abin da ya faɗa a kashi na biyu idan an kai na goma. Shi ya sa yanzu ake neman marubuci, amma wanda ake nema shi ne mai gamawa ya miƙa a ranar da ya yi alkawari.

Dalilin da ya sa rubutunki yake tsayawa a shafi na 30 ina jin na san shi, domin kusan duk wanda ya taso daga rubutun littafi yana faɗawa wannan rami. Kin saba ki zauna ki rubuta kashin yau ba tare da kin san abin da zai faru jibi ba, masu karatu su yi sharhi, sharhin ya ba ki ƙarfi da dabarar gobe. Labari irin wannan yana iya yin kwana, ya ɗauko wata ƙawa ko wani kawu ya bi su har mako biyu, sannan ya dawo hanya, kuma babu mai ƙorafi. Shafi 30 na farko a fim su ne masu daɗin rubutawa, domin a nan ake gabatar da mutane a kuma ƙulla rikici. Daga nan sai labari ya tambaye ki inda ya dosa, idan kuwa ba ki riga kin yanke ba, alƙalami ya tsaya. Maganinsa shi ne kada ki rubuta ko layi ɗaya na magana sai kin san ƙarshen labarinki. Ki fara da jimla ɗaya ko biyu da za su faɗi wane ne mai labarin, me yake nema, me ya tare masa hanya, kuma me zai rasa idan bai samu ba. Idan jimlar ta ƙi fitowa, labarin bai nuna ba tukuna, sai a bar shi a kan wuta. Idan ta fito, ki faɗaɗa ta zuwa shafi ɗaya mai farko da tsakiya da ƙarshe. Bayan haka ki yanka kwali ƙanana, kowane sin da katinsa, ki rubuta wurin da zai faru, da waɗanda ke ciki, da abin da ya sauya daga shigarsu zuwa fitarsu. Ni a kan tabarma nake shimfiɗa nawa, in tsaya a kansu in duba. Katin da na ɗauke labarin bai girgiza ba, ba na mayar da shi. Wannan aiki yakan ci mini mako biyu zuwa uku, kuma shi ne rabin rubutun, ko da yake mai kallo daga gefe zai ce ban fara komai ba.

Babban abin da zai ba ki wahala shi ne rabuwa da shiga zuciyar mutane. A littafi kina da izinin ki ce zuciyarsa ta yi masa nauyi, ya tuna ranar da mahaifinsa ya sayar da gona domin karatunsa, ki yi shafi uku a kan nadamarsa. Kyamara ba ta ganin zuciya, abin da ido zai gani da abin da kunne zai ji kawai take ɗauka. Bari in nuna miki da wannan misalin kansa. An kori yaro daga jami'a bayan mahaifinsa ya sayar da gona ya biya masa kuɗin makaranta. A sikirif zan rubuta cewa waje ne, ƙofar gida, da la'asar. Malam yana zaune a kan tabarma yana sauraron rediyo. Babur ya tsaya, yaron ya sauko da jaka, ɗan acaɓa ya kwance katifa da bokiti daga baya ya ajiye a ƙasa. Yaron ya durƙusa ya gaishe shi. Malam ya ce, "An yi hutu ne?" Yaron ya ce, "Eh, Baba." Malam ya dubi katifar, ya daɗe yana dubanta, sannan ya rage muryar rediyon ya ce, "Shiga ka ci abinci." Duk wanda ya taɓa zaman makarantar kwana ko jami'a ya san ba a dawowa hutun 'yan makonni da katifa da bokiti. Uban ya gane, ɗan ya san an gane, kuma babu wanda ya furta. Sin ɗin bai cika shafi ɗaya ba, amma ya ɗauki nauyin shafuka ukun nan, ya kuma bar wa ɗan wasan da zai fito a matsayin uban abin da zai yi da fuskarsa.

A nan ne nake ganin mu Hausawa muna da wata dukiya da ba mu cika amfani da ita ba. Rayuwarmu cike take da kunya da kara da kawaici, wato abubuwa masu nauyi ba kasafai muke faɗarsu kai tsaye ba. Uwa ba ta kiran sunan ɗanta na fari, mace takan sakaya sunan mijinta, suruki da suruka suna magana ta bayan labule, mai jin haushi yakan gajarta amsar gaisuwa ne kawai kowa ya gane. Amma sai ki ga an rubuta uwa tana ce wa ɗanta, ina ƙaunarka ɗana, kai ne farin cikin rayuwata, maganar da aka kwaso daga fina-finan wasu ƙasashe, wadda babu wata tsohuwa a Ɗanbatta ko Funtuwa da za ta iya buɗe baki ta faɗa. Ƙaunar wannan uwa tana cikin ƙullin kuɗin da ta kwance daga bakin zane ta tura masa ba tare da ta dube shi ba. Idan kin rubuta haka, mai kallo zai ga tasa uwar.

Wannan ba ya samuwa sai da horar da kunne, saboda haka ki mallaki ƙaramin littafi da biro waɗanda ba sa rabuwa da jakarki. A cikin adaidaita sahu, da layin awo a asibiti, da gidan suna, da ɗakin malamai na makarantarku, mutane suna zuba maganganun da babu marubucin da zai iya ƙirƙirarsu, kuma ki rubuta su yadda aka faɗe su, kada ki gyara. Na taɓa jin wata tsohuwa a layin karɓar magani tana ce wa matar ɗanta, wadda ta sha sabon leshi alhali ta ce babu kuɗin allura, "Ai ni ban ce komai ba, ido dai ba mudu ba ne." Ta yanke karin maganar a rabi ta kau da kai. Haka mutane suke yi da karin magana, su jefa rabinsa su bar mai ji ya ƙarasa, ba irin yadda ake sa dattijo a fim ya jero guda huɗu a jere ba. Idan kina da hali, ki je kotun shari'ar Musulunci ki zauna a bencin masu sauraro na kwana biyu ko uku, ki ji yadda miji da mata suke ba da labarin rana ɗaya kowa da irin tasa gaskiyar. Ki kuma kula da karin harshe. Basakkwace yana cewa "mi" da "ɗiyata" inda Bakano zai ce "me" da "'yata", kuma ɗan kasuwar Kwari ba ya magana irin ta malamin jami'a. Gwajin da nake yi wa kowane sin shi ne in rufe sunayen masu magana da hannu, in karanta maganganun kaɗai. Idan ban iya gane wane ne yake faɗar wanne ba, to ni ne nake magana da bakinsu gaba ɗaya, sai in sake. Gaisuwa kuma ki yi hattara da ita. A zahiri mukan yi minti biyu muna gaisawa, amma a fim ki shiga sin bayan an gama gaisuwa, sai fa idan a cikin gaisuwar rikicin yake.

Maganar tsari a takarda ba ta da tsawo. Kowane sin yana farawa da layi mai faɗin ciki ne ko waje, da wurin, da lokaci, dare ko rana. Ƙarƙashinsa bayanin abin da ake gani a taƙaice, sannan sunan mai magana a tsakiya da maganarsa a ƙasa. Ana amfani da harafin Courier mai girman 12, domin da shi shafi ɗaya yake zama kusan minti ɗaya a allo, ta haka furodusa yake sanin tsawon fim daga kaurin takarda. Manhajar Final Draft ita aka fi sani amma tana da tsada, Trelby kyauta ce a kwamfuta, WriterDuet kuma ana aiki da ita ta intanet, kuma ko Microsoft Word ya ishe ki idan kin daidaita shi. Ki tabbata haruffa masu lanƙwasa sun fito daidai kafin a buga, domin wasu nau'o'in harafi suna mayar da su akwati, kuma jarumin da yake karatu cikin sauri zai iya tuntuɓe tsakanin baki da baƙi, ko kafa da ƙafa. Kada ki cika takarda da umarnin inda za a ajiye kyamara, wannan hurumin darakta ne, kuma yakan ji an shiga masa gona.

Game da lokaci, ni bayan sallar asuba nake rubutu har zuwa ƙarfe 7, amma ba zan ɗora miki wannan ba, domin na san a gidan mai yara biyu lokacin nan ne na ɗora ruwa da shirin makaranta. Ke kika san gidanki. Wataƙila bayan isha'i ne idan yara sun kwanta, wataƙila lokacin da ba ki da darasi a makaranta. Abin da ya fi muhimmanci shi ne lokacin ya zama ɗaya kullum, kuma mutanen gida su san da shi. Ki zauna da maigidanki ki yi masa bayanin abin da kike son yi da abin da zai ci na lokaci, domin awa ɗaya da aka ba ki da yardar gida ta fi awa uku da kike sata kina waiwaye. Ki sa wa kanki shafi biyu a rana. Shafi biyu a kwana 45 sun zama shafi 90, wato cikakken fim, kuma ko an cire ranakun biki da suna da zazzaɓin yara, wata biyu ya isa. Ki kashe data kafin ki fara. Kada ki koma ki karanta na jiya da niyyar gyara, domin mai gyaran shafin farko kullum ba ya ganin na ƙarshe. Ki riƙa tsayawa a tsakiyar sin, a wurin da kin san abin da zai biyo baya, gobe sai ki tarar da ƙofa a buɗe. Kowane dare ki tura wa kanki abin da kika rubuta ta imel, domin na san marubucin da wayarsa ta faɗa ruwa da shafi 60 a ciki, kuma bai sake samun ƙarfin komawa kan labarin ba.

Akwai wani abu da zai yi miki ciwo, gara in faɗa miki tun yanzu. Kin saba ki saki rubutu da dare ki wayi gari da yabo. Rubutun fim ba shi da wannan. Za ki yi wata biyu babu wanda ya ce miki sannu, kuma bai kamata ki saki ko sin ɗaya ga masu karatunki ba, saboda tsaron labarin da kuma saboda ra'ayinsu zai ja ki zuwa ga abin da suka saba so. Wannan shirun shi ne yake mayar da mutane da yawa ga rubutun littafi, kuma ban ga laifinsu ba, amma wanda yake son fim dole ya koyi zama da shi.

Idan kin kai ƙarshe, ki rufe rubutun ki ajiye shi mako biyu. Bayan haka ki buga shi a takarda, ki tara mutum huɗu ko biyar, ƙannenki ko abokan aikinki, ki raba musu matsayi su karanta da murya, ke kuma ki zauna gefe da biro kada ki ce uffan. Duk inda harshen mai karatu ya sarƙe, jimlar ce ba ta zauna ba. Duk inda kika ga wani ya ɗauko waya yana dubawa, sin ɗin ya yi tsawo. A irin wannan zama ne na fi koyon sana'ata, fiye da kowane littafin koyarwa. Gyara na farko na ginin labari ne, na biyu na halayen mutane, na uku na magana, kuma kada ki yi mamaki idan kashi ɗaya cikin huɗu na abin da kika rubuta ya tafi.

Sai kuma lissafin kuɗi, wanda marubuta masu tasowa suke ɗauka ba ruwansu da shi. A farkon shigata na rubuta wani sin da nake alfahari da shi: tashar mota da dare, ana ruwan sama, mutum kusan 40 suna rububin shiga motar ƙarshe, uwa tana neman ɗanta a cikinsu. Na je lokeshan ranar da za a ɗauke shi, a tsakiyar rani, jarumar kuma kwana biyu kacal aka yi yarjejeniya da ita. Daraktan ya karanta, ya ciro biro ya ja layi a kan shafin tun daga sama har ƙasa, ya ce a mayar da shi falo, wani ya shigo ya ba ta labarin cewa yaron ya ɓata a tasha. Raina ya ɓaci ƙwarai, amma da na zauna na lissafa sai na ga gaskiyarsa. Mutum 40 sai an ciyar da su an sallame su, dare yana buƙatar fitilu da janareto, ƙarar janareto tana shiga sauti, ruwan sama kuma sai an hayo tankar ruwa. Da na san haka tun a gida, da na rubuta sin ɗin da rana da mutum biyar a bakin tasha, ya tsira da ƙarfinsa. Tun daga ranar nake ƙirga wurare da darare da yawan mutane kafin in miƙa aiki. Ki sani kuma ba a jere ake ɗaukar fim ba. Duk sina-sinan da ke falo ɗaya a rana ɗaya ake ɗauke su, ko da ɗaya a farkon labari yake ɗaya a ƙarshe, saboda haka ki riƙa nuna ranar labari a kowane sin domin mai kula da ci gaban shiri ya san kayan da kowa zai sa.

Hukumar Tace Fina-finai ta Jihar Kano, wadda aka kafa a 2001, tana da ƙa'idojinta, kuma ya kamata ki san su kafin ki rubuta abin da za a yanke. Sanannen abu ne cewa namiji da mace ba sa taɓa juna a fim ɗin Hausa, ko da a matsayin miji da mata suka fito. Wasu suna kuka da wannan, ni kuwa ya koya mini neman wasu hanyoyi, kamar matar da ta ɗumama wa mijinta ruwan alwala a sanyin hunturu alhali jiya sun kwana ba sa magana. Abin da ya shafi addini da shari'a da asibiti kuma kada ki rubuta shi da ka. Takaba wata huɗu da kwana goma ce, iddar mai ciki tana ƙarewa da haihuwa, rabon gado yana da lissafinsa, kuma masu kallonmu sun san waɗannan abubuwa. Kuskure ɗaya ya isa su daina yarda da sauran labarin. Ki tambayi malami, ki tambayi ma'aikaciyar jinya, ki tambayi magatakardan kotu, yawancinsu suna jin daɗin a tambaye su. Ɗauko labarin fim ɗin Indiya a sauya masa suna kuma ya daina ɓoyuwa, tunda masu kallo sun riga sun gan shi da fassarar Hausa.

Yanzu maganar haƙƙinki. Na taɓa zama a ofishin wani furodusa na ba shi labari da baki tun daga farko har ƙarshe, ya yaba, ya ce zai neme ni. Bai neme ni ba, bayan wasu watanni na ga labarin a allo da sunan wani. Ba ni da abin riƙewa, domin doka ba ta kare dabarar da ke cikin kai, abin da aka rubuta take karewa. Dokar Haƙƙin Mallaka ta 2022, wadda aka sa wa hannu a watan Maris na 2023, tana ba ki mallakar rubutunki da zarar kin rubuta shi, ba sai kin yi rajista ba, ko da yake Hukumar Kare Haƙƙin Mallaka ta Nijeriya tana da rajistar da za ta zame miki hujja idan an yi jayayya. Dokar ta kuma ce sayar da haƙƙin ba ya tabbata sai a rubuce. Saboda haka ki rubuta kafin ki ba da labari, ki tura ta imel domin kwanan wata ya zauna, kuma kada ki ji kunyar neman takardar yarjejeniya. Idan wani ya ce ai mu 'yan'uwa ne, amana ta isa, ki tuna masa cewa aya ta 282 a Suratul Baƙara, wadda ta fi kowace aya tsawo a Alƙur'ani, umarni ce da a rubuta bashi. Takardar ta faɗi jimlar kuɗi, da kafin alƙalami da za a ba ki kafin ki fara, da lokacin biyan sauran, da adadin gyaran da za ki yi ba tare da ƙarin kuɗi ba, da yadda sunanki zai fito, a labari ne ko a tsara labari ko duka biyun. Ke da kike da littattafai, ki tabbata an rubuta cewa haƙƙin fim kawai kika sayar, littafin yana nan a hannunki, a kuma fayyace abin da zai faru idan za a yi zango na biyu. Alkawarin sai fim ya fita za a biya ki, na ga yadda yake ƙarewa sau da yawa, ba na ba ki shawarar karɓarsa.

Kada ki bar aikin koyarwa. Kuɗin rubutu yana zuwa ne a tsinke, wata a samu wata uku babu, kuma marubucin da yunwa ta kora yakan karɓi kowane irin sharaɗi. Albashinki shi ne zai ba ki ikon cewa a'a.

Ƙofar shiga kuwa ƙarama ce, kuma na fi son ki fara da gajeren fim na shafi 10, mutum uku, wuri biyu. Ɗaliban sashen wasan kwaikwayo na Jami'ar Bayero da na Jami'ar Ahmadu Bello, da na Cibiyar Koyar da Fim ta Ƙasa da ke Jos, suna yin gajerun fina-finai a cikin karatunsu, kuma akwai matasa a kusan kowane gari masu kyamara da ba su da labari mai kyau. Ranar da kika ga shafukanki goma a allo, za ki gane da kanki wace magana ce ta yi yawa, wane shiru ne ya yi aiki. Ki riƙa halartar zaman marubuta, irin na Ƙungiyar Marubuta ta Nijeriya reshen jiharku, domin a irin wuraren nan ake jin wanda yake neman mataimaki. Masu rubuta dogon zango sukan buƙaci wanda zai rubuta wasu kashi a ƙarƙashinsu, kuma wannan makaranta ce da ake biyan ɗalibi. Aikin marubuci yawancinsa daga gida ake yinsa, don haka aure da yara ba za su hana ki ba. Idan an kira ki ganawa, ta kasance a ofis da rana, ki tafi da maigidanki ko ɗan'uwanki, kuma duk wanda ya nemi ki biya shi kuɗi domin ya karanta rubutunki ko ya haɗa ki da wani jarumi, ki kama gabanki.

A wannan makon, ki ɗauko rubuce-rubucen nan uku da suka tsaya miki, ki zaɓi wanda har yanzu yake dawo miki a rai idan kina wanke-wanke. Kada ki buɗe shi. Ki ɗauki farar takarda ki rubuta labarinsa a shafi ɗaya, har da sin na ƙarshe, wane ne a ciki, a ina suke, kuma me mai kallo zai gani kafin allo ya yi duhu. Idan kin gama ki aiko mini da shafin, zan karanta in gaya miki ko lokacin yanka kwali ya yi.